Ƙa'idojin Baba Sakatare

"Ba zan sha ba sai ta gaya min inda suke zaune."

Baba Sakatare ya kau da fuska daga cokalin maganin, ya kafe maƙwabciyarsu da ido. Tana tsaye bakin ƙofa, jakar aiki a kafaɗa, ko takalmi ba ta gama cirewa ba. Matarsa, wadda duk mutanen benen ke kira Inna, ta tsaya da cokali a sama, maganin na neman ɗiga a kan zanin gado.

"Kin dai ji da kunnenki, Injiniya," in ji Inna. "Tun safe muke wannan dambe. Likita ya ce mutum ya huta, shi kuwa hankalinsa na can ofis wajen imel. Da ni aka ce za a sauya, ko tari ba zai yi ba."

"Ke ai ba ki sauyuwa. An daina ƙera irinki."

"Sha maganinka ka bar daɗin baki."

Injiniya ta yi dariya, ta ja kujerar roba ta zauna kusa da gadon. Ba wata injiniya ba ce mai takarda. Gyaran kwamfuta da waya take yi a ɗan shagon da ke ƙasan benen, tsohon ne ya laƙaba mata sunan har ya bi ta, yanzu ko mijinta haka yake kiranta. Ƙofarsu na kallon ƙofar su Baba a hawa na biyu, kullum in ta taso daga aiki nan take fara leƙawa.

Gadon da yake kwance a kai na ƙarfe ne, irin na asibiti, mai hannun murzawa da ke ɗaga kan mutum ya sauke. Daga ofishin su Baba aka kawo shi. Wata ƙaramar ƙungiya ce da ke ba marasa lafiya aron kayan jinya: keken guragu, sandar dogarawa, gado, injin taimakon numfashi. Wanda ya warke ya dawo da kaya, wanda bai warke ba iyalansa su dawo da su. Baba Sakatare ke riƙe da wasiƙun ƙungiyar tun ana buga su da tafireta. Da zamani ya juya aka koma imel, bai tsaya gunaguni ba, ya zauna ya koya, har ya gano ana iya kafa wa manhajar ƙa'idoji ta riƙa rarraba saƙonni da kanta. Na asibitoci su tafi aljihunsu, na masu ba da gudummawa su tafi nasu, 'yan talla kuwa a wuce da su kwandon shara. Shekara da shekaru yana ƙara wannan yana gyara wancan, kamar mai kula da lambu. To yanzu ga shi kwamitin ƙungiya ya yanke shawarar sauya kwamfutoci da manhaja, shi kuma ciwo ya kwantar da shi.

"Tambayata ɗaya ce," in ji shi. Muryarsa ta dushe, amma idon na nan da kaifinsa. "Ƙa'idojin nan nawa, a cikin akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin teburina suke, ko kuwa a can sama inda saƙon ke fitowa? In aka ɗauke tsohuwar, za su bi ta ko za su tsaya?"

"Iri biyu ne, Baba. Akwai masu zama a sabar, wato babbar kwamfutar kamfanin da ke riƙe muku akwatin saƙo. Waɗannan ko a rijiya aka jefa taka, suna nan suna aiki. Akwai kuma masu zama a cikin kwamfutar mutum kaɗai, cikin fayil ɗin da manhajar ke tara saƙonni. Su in ba a kwashe su kafin sauyi ba, can ake baro su."

"Nawa wane iri ne?"

"Sai na gani da idona. Amma yadda akwatin nan naka ya tsufa, raina na ba ni a cikin tsohuwar suke."

Ya lumshe ido, har Inna ta ɗan sunkuya tana duba numfashinsa.

"Akwai guda ɗaya da ta fi damuna," ya ce. "Duk saƙon da aka rubuta gaggawa, ko gado, ko numfashi a ciki, takan shafa masa ja ta turo min kwafi a waya. Mutumin da aka sallamo daga asibiti ba shi da abin kwanciya, ba ya jira a gama share talla."

"Ranar hutun ƙarshen mako zan je in kwashe su tas. Ai sun ce sai makon sama za su yi sauyin. Na ba ka wannan, kai kuma ka ba ni shan magani."

Ya buɗe baki kamar ɗan tsuntsu. Inna ta zuba masa tana harararsa.

"Ka ga, 'yar mutane ta faɗa sau ɗaya ka ji. Ni da na tsufa a hannunka sai dai in yi ta haushi kamar karen gidan da ba kowa."

Ba don a ce ta iya kwamfuta ba ne kawai Injiniya ta ɗauki wannan aiki a ka. Lokacin da suka tare a benen nan, mijinta, wanda tela ne, bai daɗe da yin haɗarin mota ba, ƙafafunsa biyu a ɗaure. Ba su san kowa ba. Ita ke ɗaga shi, ita ke juya shi, in dare ya yi bayanta kamar an sassara. Wata rana da hantsi ta ji ana ƙwanƙwasa ƙofa. Ta buɗe ta ga wani dattijo siriri yana haki, ya hauro matakala da keken guragu a kafaɗa. Bai tambaye ta ko tana so ba. Cewa ya yi, "Ta bango nake jin yadda kike fama. Ga wannan, in ya miƙe kya dawo da shi." Da ya ga tarkacen wayoyi da sukudireba a kan teburinta, washegari ya dawo da firintar ofishinsu da ta ƙi aiki. Shi ne farkon wanda ya kawo mata gyara a unguwar, kuma bakinsa ne ya tallata ta har ta kama shago. Yau Tela na takawa da sanda ɗaya, yana taka keken ɗinkinsa da ƙafar da aka ce ba za ta ƙara moruwa ba.

Ba a kai ƙarshen mako ba wayarta ta yi ƙara tana tsaka da kwance cikin wata waya. Mai sito ce, matar da ke kula da ɗakin ajiyar kayan ƙungiyar, wadda aka ɗora wa aikin Baba tun da ya kwanta. Mace ce mai jiki da murya, takan ɗaga gadon ƙarfe ita kaɗai, amma in ta zauna gaban kwamfuta sai ta riƙa taɓa madannai kamar masu cizo.

"Injiniya, ki zo ki cece ni. Mutanen nan sun zo jiya sun sauya komai. Yau na buɗe, wallahi kamar an zazzage kasuwa a tsakar ɗaki. Mai sayar da maganin ƙiba, mai neman in ci gadon wani attajiri, asibiti, duk a wuri guda. Ban san kai ba ban san gindi ba."

"Tsohuwar kwamfutar fa?"

"Tana sito. Sun ce da la'asar za su dawo su tafi da ita a goge."

Injiniya ta rufe shago ba ta ko tattara sukurorin da ta baza ba.

Ofishin ɗaki biyu ne a bayan wani kantin magani. Na gaba teburi biyu da fanka mai kuka, na baya sito. Sabuwar kwamfuta na zaune a teburin Baba, siririya baƙa, ledar allonta ma ba a ɓare ba. Kofin shayinsa na nan gefe, an kife shi a kan faranti. Masu sauyin ba su yi ha'inci ba. Sun kwashe saƙonni duka, sun kwashe aljihunan da sunayensu, sun mayar da akwatin sabon salo mai zama a sabar. Ƙa'idojin ne kawai ba wanda ya gaya musu akwai su.

A sito ta same ta, tsohuwa fara da ta koma ruwan ƙasa, an ajiye ta a kan kujerar wani keken guragu kamar ita ma jinya ta zo. Injiniya ta jona mata wuta da allo a nan ƙasa, ta durƙusa. Injin ya yi gurnani, ya yi tari, ya daɗe yana tunani, sannan ya buɗe ido. Ta shiga manhajar saƙo, ta buɗe wurin ƙa'idoji. Ga su nan jere, ba wadda ta ɓata. Ta sauke numfashi, ta kwashe su cikin filas, ɗan abin ajiyar bayanai da ake soka wa kwamfuta, ta sake kwafa a wani don kada a yi kuka biyu.

Da ta zuba su a sabuwar, rabinsu suka fito da alamar kuskure. Sun zo, amma sun manta hanyar aljihunansu, sai an kama hannun kowace an nuna mata. Wannan ba wani aiki ba ne a wurinta, tunda ga tsohuwar a kunne tana nuna inda kowace ke kai saƙo. Ta fara gyara ta gaggawar nan, ta kafa ta a sabar, ta gwada ta ga ta kama. Sai ta tsaya tana karanta sunayen da ya ba sauran. Mai surutu. Kada ya kwana. Uwar yaron nan. Likita mai fushi.

"Kin san ma'anar waɗannan?" ta tambayi Mai sito.

"Ina fa. Ni dai na san in na kunna ta da safe komai kan tafi gidansa."

Injiniya ta ɗan yi tunani, ta kashe tsohuwar, ta naɗe wayoyinta.

"Ki ce musu su bar min ita 'yan kwanaki, ni zan goge ta da hannuna. Ke kuma in kin tashi aiki ki riƙa biyowa ta gidan Baba."

Tela na zaune bakin ƙofarsu yana warware wani ɗinki lokacin da ta hauro da kwamfutar a ka. Ya dube ta ya dubi kayan.

"Wannan aikin da za ki gama kafin shayi ya huce, shi ne kika ɗauko har gida?"

"Ka yi ɗinkinka."

"Na yi shiru," ya ce, yana murmushi. Ya miƙe da sandarsa ya tura mata ƙofar su Baba.

Ranar Baba Sakatare har zama ya yi. Ya sa Inna ta murza masa gadon ya ɗago, aka ɗora allon a kan teburin cin abinci da aka jawo kusa, tsohuwar a ƙasa tana gurnaninta. Ya miƙa hannu ya shafa ta kamar wanda aka dawo masa da akuyar da ta ɓata.

"Ashe a cikinki suke, 'yar banza. Duk shekarun nan ba ki faɗa ba."

Daga nan abin ya zama kamar makaranta. Kullum da yamma, in rana ta sauka daga tagar ta koma bango, Injiniya ta zo da kwamfutarta ta hannu wadda ta haɗa da sabon akwatin, Mai sito ta zo ta cika kujera, Inna na kai da kawo tana cewa sun mayar mata da ɗaki ma'aikata. Injiniya ta karanto sunan ƙa'ida, shi kuma ya faɗi dalilinta, sannan a yanke ko a tafi da ita ko a bar ta.

"Mai surutu."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, Inna ta ba shi ruwa.

"Wani bawan Allah ne mai kantin taya. Duk wata sai ya rubuto shafi guda yana faɗa, wai ba mu iya aiki ba, wai fentin ƙofarmu ya koɗe. Amma rabin kekunan da ke sito shi ya saya. Saƙonsa na tafiya aljihun da na sa wa suna Bayan An Ci Abinci. Kada ki kuskura ki karanta shi da yunwa, za ki ba shi amsar da za ta kashe mu."

"Likita mai fushi fa?"

"Ya yi ritaya. Ku sallami wannan, ta gama aikinta."

"Uwar yaron nan."

Nan ya dubi Mai sito.

"Kin tuna yaron da muka ba injin numfashi, wanda bai kai ga shiga makaranta ba? Uwarsa ce. Ta dawo da injin a goge tsaf, har da rigar da ta ɗinka masa. Tun daga lokacin takan rubuto jefi-jefi. Ba ta neman komai. Gaisuwa ce, wani lokaci ta ce yau da ya kai shekara kaza. Ki ba ta amsa ko layi biyu ne, kuma ki ambaci yaron. Kowa ya daina ambatonsa, shi ya sa take rubuto mana."

Mai sito ta goge ido da gefen mayafinta, ta ce fankar ɗakin ce ke sa mata hawaye. Fankar kuwa a kashe take.

Ba kullum ake samun yin da yawa ba. Wata rana ƙa'ida biyu, wata rana suna cikin ta farko barci ya ɗauke shi, su tattara a hankali su fita. Jikinsa na ƙara zubewa, zoben hannunsa ya koma yawo har Inna ta cire ta ajiye. Amma in ya ji takun Injiniya a matakala sai ya ce a gyara masa hula.

Wata yamma suna zaune wayarsa ta yi ƙugi a ƙarƙashin matashi. Ƙa'idar gaggawa ce ta turo saƙo. Ya miƙa wa Injiniya ta karanta masa, don ƙananan rubutu sun fara gagarar idonsa. Wata mata ce. An sallamo mahaifinta daga asibiti, rabin jikinsa ya shanye, a tabarma yake kwance, bayansa ya fara gyambo, ita kuma ba ta iya ɗaga shi daga ƙasa. Ko akwai gado?

"Akwai?" Baba ya tambayi Mai sito.

"Babu, Baba. Duk suna waje. Sai dai in sa ta a layi."

Ya dubi rufin ɗaki. Ya dubi hannun murzawar da ke ƙafar gadonsa.

"Ga guda nan."

Inna ta ajiye farantin da ke hannunta da ƙarfi.

"Ba ka isa ba. Wallahi ba ka isa ba. Kai ba mara lafiya ba ne? Kai ba mutum ba ne? Duk rayuwarka kana ɗaukar wa mutane kaya a kafaɗa, yau guda ɗaya da ya zo kanka shi ma sai ka bayar?"

"Tsohuwa, zo ki zauna."

"Ba zan zauna ba."

"To tsaya ki ji. Wancan mutumin in ya samu gadon nan zai iya tashi. Ni kuwa kin ji abin da likita ya faɗa, na ji, kada mu yi wa juna ɓoye-ɓoye a gaban yara. Kuma ni na gaji da kwana ni kaɗai a kan ƙarfe kamar kayan gyara. Gadonmu nake so. Wanda kike ture ni a kai kina cewa ina minshari."

Inna ta juya musu baya, ta tsaya gaban taga. Injiniya na jin kukan yara masu wasan ƙwallo a ƙasa da ƙarar wani babur da ya ƙi tashi. Can Inna ta ce, ba tare da ta juyo ba:

"Kana yi ɗin ne. Kamar injin niƙa."

Washegari da hantsi motar ƙungiya ta zo. Mai sito da direba suka kwance gadon, Tela na riƙe musu ƙofa yana ba da umarnin da ba wanda ya nema. Kafin nan Injiniya da Inna sun shimfiɗa gadon katako na cikin ɗaka, sun tara matasai. Da aka zo ɗaga Baba, Injiniya ta sa hannu ƙarƙashin kafaɗunsa, ta ji ba nauyi, kamar ta ɗauki tarin wanki busasshe. Ta tuna ranar da ta buɗe ƙofa ta gan shi da keke a wannan kafaɗa yana haki. Ta cije leɓe ta kai shi ta kwantar.

"Alhamdu lillahi," ya ce, yana shafa katifar. "Ga ramina nan ma bai cike ba."

A wannan ɗakin suka ƙarasa sauran ƙa'idojin. Da aka kai ta ƙarshe, Injiniya ta juya masa allon ya gani, duk an kafa su a sabar, ba mai alamar kuskure.

"Yanzu ko an kashe kwamfutar ofis, ko wuta ta ɗauke, suna aiki, Baba."

"Madalla. Saura abu guda. Buɗe ta gaggawar nan."

Ta buɗe.

"Cire ni. Sa ta." Ya nuna Mai sito da haɓa.

"Haba Baba," in ji Mai sito, "a bar mu mu biyu mana. Me ya yi zafi?"

"In muna biyu, kowa zai ce ɗayan ya gani. Cire ni, Injiniya."

Yatsunta suka tsaya a kan madannai. Adireshinsa ne a wurin, wanda ita da kanta ta sa masa a waya shekarun baya. Ta goge shi harafi bayan harafi, ta rubuta na Mai sito, ta adana. Ta aika saƙon gwaji daga wayarta, ta rubuta gado a ciki. Sai ga ƙugi daga cikin jakar Mai sito. Wayar da ke ƙarƙashin matashinsa ba ta motsa ba.

"Yawwa," in ji shi. Ya kamo hannun Injiniya da nasa mai sanyi. "Allah ya yi miki albarka, 'yata. Na san aikin nan ba na kwanaki ba ne a wurinki. Na gode da kika ja shi."

Ta so ta ce wani abu game da keke, da firinta, da shago. Abin da ya fito kawai shi ne, "Baba, ni ce da godiya."

Bai ƙara tambayar ofis ba daga ranar. Yakan yi barci da yawa, in ya farka ya nemi ruwa ko ya tsokani Inna. 'Ya'yansu da ke nesa suka zo suka cika gidan, aka yi hira, aka yi dariya, waɗanda aiki ya matsa wa suka koma da niyyar dawowa.

Ranar da abin ya faru, da hantsi ne. Injiniya ta hauro ɗaukar wata caja da ta manta, ta ga ƙofarsu a buɗe ta leƙa. Inna na zaune a gefen gadon tana ninke wanki, shi yana kwance ya juya fuska wajenta. An buɗe taga. Ta bango ana jin keken ɗinkin Tela na tafiya, ya tsaya, ya ci gaba.

"Mijinki na aiki," Baba ya ce da ƙyar. "Ƙafar nan ta yi kyau."

"Ta yi, Baba."

Inna ta ci gaba da ba shi labarin famfon kicin da ke ɗiga, da mai gyaran da ya yi alkawari bai zo ba, da yadda za ta wanke shi tas in ya shigo hannunta. Ta ninke riga, ta ninke zani.

"Ka ji halinka ko? Ana maka magana ka yi barci."

Injiniya ce ta fara lura bargon ya daina motsi. Ta matso ta durƙusa, ta riƙe wuyan hannunsa, ta daɗe tana jira. Sannan ta ɗago ta dubi Inna. Tsohuwar ta ajiye zanin da ke hannunta a kan cinya, ta shafe shi da tafi har ya kwanta. Ta miƙa hannu ta rufe masa ido, ta gyara masa hula.

"Ka tafi ke nan," ta ce a hankali. "To Allah ya jiƙanka. Ban da minshari, ban san laifinka ba."

Keken ɗinkin na ta tafiya a ɗaya gefen bangon, har sai da Injiniya ta je ta dafa kafaɗar mijinta.

Mutanen da suka zo ba su da iyaka. Matakalar benen ta cika, har bakin shagon Injiniya aka jera kujeru. Wasu da sanda, wasu a keke, wasu da ƙafafunsu garau suna cewa da ba don shi ba. Wani mai kantin taya ya zo ya yi ta faɗa a kan yadda aka tsara kujerun, sannan ya koma gefe ya rufe fuska da hula. Wata mata ta durƙusa gaban Inna ta ce mahaifinta ya fara zama da kansa a kan gadon da aka kai musu, gyambon ya soma bushewa, ta ji an ce sakataren ƙungiyar ya rasu shi ne ta zo. Ba ta san daga ɗakin da gadon ya fito ba. Inna ba ta gaya mata ba. Ta dai riƙe hannunta ta ce, "Ki riƙa juya shi akai-akai, kin ji? Allah ya ba shi lafiya."

Da gida ya watse, Injiniya ta goge tsohuwar kwamfutar kamar yadda ta yi alkawari, ta mayar. Mai sito takan kira ta lokaci-lokaci, yanzu ba da kuka ba. Ta ce ta ba uwar yaron nan amsa, kuma ta gaya mata Baba ya rasu, matar ta rubuto shafi guda.

Wata yamma Injiniya ta rufe shago ta hauro. A kan matakala ta ƙarshe, inda rana ke shigowa ta tagar bene, ta tarar da Inna zaune, Tela a gefenta da wata riga a cinya yana jiran ta zura masa zare. Inna ta ɗora wani tabarau mai kaurin baki a karan hanci, ya yi mata yawa har tana tare shi da yatsa. Allura a hannu ɗaya, zare a ɗaya.

"Na Baba ne wannan, Inna?"

"Nasa ne. Ya fi nawa gani. Duk shekarun nan yana ɓoye min." Ta lashi bakin zaren, ta ɗaga allurar wajen haske. "Matsa kaɗan, 'yar nan, kin tare min rana."

Injiniya ta matsa, ta zauna a matakalar ƙasa da su, ta ajiye jakarta. Zaren ya kuskure ramin, ya sake kuskurewa. A na gaba ya shige.